Buhun da Ba Shi da Mai Shi

Sau uku Maijidda tana zagaya tarin duwatsun rami na goma sha bakwai da tablet a hannu, sau ukun kuma manhajar tana yi mata ja. An yi rajistar buhu arba'in, ga kuma arba'in da ɗaya a jibge.

Filin yana kan hanyar Jiratawa, bayan an fita Maraɗi kaɗan. Nan masu haƙa suke kawo dutsen zinariya daga ramukan kudu, kowa da tarinsa, a jira layin injin niƙa. Aikin Maijidda shi ne ta liƙa wa kowane buhu lamba, ta shigar da ramin da ya fito da sunan mai shi. Dokar ba ta da wasa. Buhu ɗaya in aka samu ba lamba, sai a ce kayan sumoga ne daga ƙetaren iyaka, a kwashe tarin gaba ɗaya. Yau kuma kwanturola, mai binciken gwamnati, yana nan, har ya gama tari na goma sha biyu.

Ta tura buhunan gefe da ƙafa, sai ga shi can ƙarƙashi, ƙarami, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle.

"Ina mai sha bakwai?" ta ɗaga murya. "Baba Mati!"

Mati ya taso daga inuwar kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, yana ɗingishi. Manomin gero ne daga wani ƙauye bayan Tsibiri, cikin mutanen da har yau suke riƙe da tsafin kakanninsu. Wata uku ya yi a cikin rami kafin ya tara wannan kaya.

"Baba, wannan fa? Ya aka yi ba ka nuna mini shi ba?"

"Ɗiyata, wanga ba nawa ba ne."

"To na wa ne?"

"Na masu wurin ne. Buhun farko da ya fito daga rami, nasu ne. Yana zama cikin tarin yana tsaronsa har a gama niƙa, sannan a mayar musu."

Maijidda ta dafe kai. Ikon Allah! Ta yi karatun kwamfuta shekara biyu, ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake yi wa iskoki rajista.

"Shi ke nan, mu sa sunanka a yanzu, daga baya ka mayar musu da abinsu. Kawo katinka."

Mati ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"Ƙanena Tanko ya ce buhun farko nasa ne, bara waccan. Bayan kwana shida rami ya rufta da shi. Ƴaƴansa biyar suna gidana yanzu. Ba ni sa sunana."

"To mu fitar da shi, mu ɓoye bayan biro, ɗakin aikina."

"Ba a ɗaga shi sai an gama niƙa."

"Haba Baba! Za su kwashe duka fa! Wata uku na wahala, ka gane kuwa?"

"Na gane," ya ce a hankali. Amma bai matsa daga inda yake ba.

Haushi ya kama ta, tausayi ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi. Ta leƙa. Kwanturola Abubakar Sadiq yana kan tari na goma sha biyar, jandarma biyu a bayansa. Mutum ne da ba ya karɓar ko ruwan sanyi a wurin aiki, kuma makon jiya ya kwashe tarin wani mutum saboda lamba ɗaya da rana ta cinye.

Ta liƙa sabuwar lamba a buhun, ta haska. Asali: rami na goma sha bakwai, wannan gaskiya ne. Ta bar gurbin mai kaya babu komai, manhajar ta ƙi. Ta rubuta "ba kowa", manhajar ta nemi lambar katin ɗan ƙasa. Ta sa sifili tara a jere, manhajar ta sake yin ja. Wannan abu bai san uzuri ba, shi dai a ba shi mutum mai kati.

Zufa ta jiƙa mata hijabi. Ta ji takun takalma a kan tsakuwa, sun gama na goma sha shida. Sai kawai ta ciro katinta daga jaka, ta haska shi. Manhajar ta yi kore.

Kwanturola ya iso bai ko yi sallama mai tsawo ba. Ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya da nasa tablet, ya tsaya a kan mai jan ƙyalle.

"Maijidda Salifu. Madam, ke ce wannan?"

"Ni ce, Mushe," ta amsa da kiran girmamawa na Faransanci.

"Kin shiga haƙa ke nan?"

"Buhu guda ne, daga ramin Baba. Na duba, doka ba ta hana ba."

Ya kalle ta, ya kalli Mati, ya daɗe yana kallon jan ƙyallen.

"Asali ya yi daidai, mai kaya ya yi daidai," ya ce. Ya danna, ya wuce na goma sha takwas.

Maijidda ta saki numfashi, ta juyo da murmushi. "To Baba, kayanka sun tsira. Gobe da safe kai ne a layin inji."

Mati bai yi murna ba. Ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfura, idonsa ya ciko.

"Mi kika yi, ɗiyata? Kin ce naki ne, a gaban shaidu, an rubuta."

"Rubutu ne kawai cikin na'ura, Baba. Ni Musulma ce, waɗannan abubuwa ba su shafe ni ba. Tashi don Allah, mutane suna kallo."

"Ki samo jan zakara, in kai musu Tsibiri kafin kwana uku, in ba su haƙuri. Da kaina ba ya yiwuwa, sai daga hannun wanda ya yi iƙirarin." Ya share ido da bakin riga. "Allah dai ya sa ba ki da ciki. Sun fi saurin taɓa na ciki."

Ta yi dariya, ta ce ya bar wannan zance. Cikinta wata biyu ke nan, bayan shekara huɗu tana jira, kuma ban da mijinta ba wanda ya sani, ko mahaifiyarta.

Bayan la'asar ta rufe biro, ta tare kabu-kabu, ta ce a kai ta gida, unguwar Zariya. Tana ta karanta addu'o'in da ta sani, tana gaya wa kanta shirme ne, wallahi shirme ne. Da suka zo mararrabar kasuwa ta taɓa kafaɗar mai babur.

"Malam, bi ta wajen masu kaji tukuna."