Buhu Takwas da Shukar Binne

"Ba zan sa hannu ba, Alhaji," in ji Luba. Ta tura masa takardar, ta mayar da bironta cikin jaka.

Alhaji Nababa, shugaban wata ƙungiyar manoma a Tofa, ya cire tabarau ya dube ta. Shekara biyu ke nan da ya ɗauke ta aiki. Ita kaɗai ce mai digirin lissafi a ofishin, ita ke tura wa manoma saƙo ta waya a kan lokacin shuka da irin da ya dace. Da aiki ya yi yawa sai aka buɗe gurbi na biyu, masu ba da tallafi kuwa suka ce ba za a ɗauki kowa ba sai ta gwada shi ta sa hannu. Shekarar nan ce da fetur ya tashi, kwanon masara ya gagari mai iyali, duk mai ɗan abin yi ya riƙe shi da hannu bibbiyu.

Mutum biyu ta gwada da safiyar nan, ɗaya bayan ɗaya, Alhaji na zaune. Akwai Ja'afaru, ɗan ƙanwar Alhajin, sai kuma Sauda, 'yar wani manomin rani daga Watari.

Tambayar farko a kan iri ce. "Ga buhu takwas na irin gero," in ji Luba, "ɗaya ya mutu, ba zai tsiro ba. Mai sito ya san shi, amma ba ya amsa komai sai e ko a'a. Tambaya nawa za ta ishe ka?"

Ja'afaru ya gyara hula. "Takwas mana, Malama, kowane buhu da tasa. Ko kuwa in saya masa goro ya nuna mini, a huta."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. Luba ta rubuta abin da Ja'afaru ya faɗa.

Da aka zo kan Sauda, sai ta ce uku. "In raba su huɗu-huɗu, in ce yana cikin waɗannan? Sai biyu-biyu, sai ɗaya-ɗaya. Haka Baba ke gano inda ruwa ke zurarewa a gonarmu, ya toshe rabin hanyoyin ruwan ya gani."

Ta biyu gajeriya ce. Wani ya bugo waya ya ce an yi ruwa a Tofa cikin Agusta, wani ya ce an yi cikin Janairu. Wanne ya fi kawo labari? Ja'afaru ya ce na Agusta, don ruwansa ya fi yawa. Sauda ta ce ruwan Agusta kowa na zatonsa, ba labari ba ne. Abin da ba a zata ba shi ke ɗauke da labari.

Ta ukun ce ta raba gardama. Manoman wajen suna yin binne, wato su shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, su jira. "Bisa abin da muka tara," in ji Luba, "cikin shekara goma binne yakan yi kyau sau shida. To ga shi shekara uku a jere iri yana ƙonewa. Bana wane saƙo za mu tura?"

"Uku a jere?" in ji Ja'afaru. "Ai bana dole ya yi. A tura kowa ya binne."

Sauda kuwa, da aka zo kanta, cewa ta yi: "Sanin gaibu sai Allah, Malama. Amma damina ba ta rama asarar bara. Shida cikin goma ne har yanzu, in ma bai ragu ba. Mu faɗa musu hakan. Mai iri kaɗan ya binne rabi, ya ɓoye rabi."

Shi ya sa yanzu takardar ke gaban Alhaji, da sunan Ja'afaru a sama, wajen sa hannu fayau.

"Haba 'yata," in ji shi a hankali. "Uwarsa mijinta ya rasu, shi shekararsa uku ba aikin fari ba na baƙi. Ba ke za ki koya masa ba? Wa aka haifa da sani?"

"Da cewa ya yi bai sani ba, Alhaji, da na koya masa. Amma cewa ya yi dole. Manomi dubu biyu ke karanta saƙonmu, kuma irin da aka binne ba a tono shi."

"Ke kam taurin kai kamar ganda." Ya mayar da tabaransa. "Kwantiraginki wata mai zuwa zai ƙare. Kin san wa ke sabunta shi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ba a sabunta ba. Aka kawo wani daga birni a madadinta, ya sa hannu a takardar Ja'afaru a ranar da ya kama aiki. Sauda ta koma ban ruwan albasa a Watari. Ja'afaru ya tura saƙo kowa ya binne, ruwa kuma ya sauka a kan kari ya ɗore, gero ya yi kyau. A kasuwar Tofa har ana cewa yaron nan na Alhaji akwai basira.

Luba ta koma gidansu a Bacirawa. Wata rana Innarta, Hure, tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "To ga shi binnen ya yi, sarkin lissafi. Wa gari ya waya?"

"Shida cikin goma na ce, Inna. Bana cikin shidan aka faɗa."

"Da kin sa hannun fa?"

"Da ina da aiki."

Wata tara ta yi a zaune kafin ta samu koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi, inda take zuwa a ƙafa don albashin ba ya ɗaukar kuɗin mota. Kwamfutarta ta sayar, aka sayi hatsi. Maganin hawan jinin Inna kuwa, da ake sha kullum, ya koma kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a tsallake.