Bijimin Baffa Maliki

Raliya na jingine babur ɗinta a gindin kirya ta hango wani baƙo riƙe da igiya, yana zagaya bijimin baffanta yana shafa masa tozo. Hamma ne, makiyayi daga tsallaken iyakar Benin. Ya zo Geza aron bijimin, ya kai wa shanunsa barbara.

Baffa Maliki ya tare ta tun kafin ta ƙarasa garke.

"Likita, mi gwajin naku yac ce?"

Ita ce jami'ar dabbobi ta yankin. Watan jiya ta ɗebi maniyyin bijimai daga Zagga har Matsinkai, ta aika ɗakin gwaji.

"Baffa, akwai wani furotin da ake dubawa a cikin maniyyi. In ya yi ƙaranci, da wuya saniya ta ɗauki ciki. Na wannan ya yi ƙasa ƙwarai."

Maliki ya waiwayi bijimin. Fari ne sol, ƙaton gudali, wanda saboda shi ake nuna gidansa a duk faɗin Bagudo.

"To, ki bar shi cikinki. Na riga na yi wa mutumin ga alkawari."

"Shanunsa za su yi asarar shekara guda, Baffa. Ba maraƙi, ba nono."

"Ke!" Ya rage murya. "Kin san abin da ake faɗi kanki a masallaci? Ɗiya mace tana tatsar maniyyin sa! Ni nike tare miki. In kin kunyata ni yau, na cire hannuna. Ba rugar da za ta sake buɗe miki shinge."

Mutumin nan shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya kai ta makaranta da kansa. Ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Ka gafarce ni, Baffa. Ba zan iya ba."

Ta miƙe ta nufi garke. Ta gaida Hamma, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya daɗe yana kallon bijimin, sannan ya fara naɗe igiyarsa a hankali.

"Wannan ɗin?" ya ce. "Duk girman nan?"

"Girman a jiki yake."

Maliki ya juya musu baya, ya shige zaure.

Hamma ya rataya igiyar a kafaɗa.

"Ina da wani ɗan sa a gida, gajere, ƙaho a karkace. Har kunyar nuna shi nake. Aikin naki yana tsallaka iyaka?"

Raliya ta dubi zauren. Ta ɗaga murya ta yi wa baffanta sallama. Ba a amsa ba. Ta ɗaure akwatin sanyinta na ajiye maniyyi a bayan babur, ta gyara hijabi, ta ba babur ɗin wuta.

"Shige gaba, Malam Hamma. Ka nuna mini hanya."