Ranar Ganin Likitan Nasiha

Da Malam Usaini ya san abin da yawan kiran nan zai jawo masa, da tun ranar farko ya kulle wayar a akwati.

'Yarsa Nasiha, mai shekara tara, idonta na hagu ya fara yin fari, har ta daina gane rubutun allo a Islamiyya. A wani asibiti a Birnin Kudu aka ba shi lamba, aka ce yanzu na'ura ce ke ba da ranar ganin likitan ido. Ya kira daga gida a Basirka, wata murya ta amsa masa da Hausa tsaf, ta ce ya kawo yarinyar ranar sha biyu ga wata.

Shi kuwa bai iya barin magana ba tare da bin sawu ba. Haka ya saba da kowane ofis: ka koma, ka gaishe su, ka tuna musu da kai. Washegari ya sake kira. "Muna nan dai cikin layi ko?" Muryar ta ce ƙwarai, ranarsu sha biyar ga wata. Ya ɗauka kunnensa ne. Bayan Azahar ya kuma kira, aka ce sha bakwai. Hankalinsa ya tashi, ya ƙara ƙaimi. Kafin mako ya zagayo ranar ta tsallaka wata mai zuwa, farin idon kuwa sai faɗi yake yi.

Ya hau mota ya tafi wurin ƙanwarsa Mansura a Birnin Kudu. Ya san tana aiki da kamfanin da ya haɗa na'urar, ko da yake bai taɓa gane aikin ba. Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata.

"Sau nawa ka kira, Yaya?"

"Kamar sau uku."

"Yaya Usaini."

"To, sha ɗaya. Laifi ne uba ya tambaya?"

"Kai ko kaza aka ba ka ajiya sai ka tashe ta ka ga ko tana numfashi."

Ta buɗe kwamfuta ta yi masa bayani. Na'urar ba ta ganin layin da kanta. Kayan aiki aka ba ta, kowanne da ɗan rubutu mai faɗa mata amfaninsa, ita kuma abin da aka rubuta kawai take bi. Aikin Mansura shi ne ta karanta rubuce-rubucen nan ta ba su maki.

Ta nemo rubutun kayan aikin da ke duba rana ta karanta: "Yana nuna ranar majiyyaci." Ta ƙirƙiri wani suna a wurin gwaji, ta tambayi ranarsa sau biyu. Ranar ta matsa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ba nunawa kawai yake yi ba. Goge tsohuwar rana yake, ya mayar da mutum ƙarshen layi. Ba a rubuta hakan ba." Ta dafe goshi. "Ni na ba shi takwas cikin goma, don gajere ne, ba kwana-kwana. Ban gwada sau biyu ba."

"To ki gyara mana."

"Ni rahoto nake rubutawa. Masu gyara daban, kuma yakan ɗauki makonni."

"Bari in je asibitin da ƙafata."

"Ma'aikacin asibitin ma na'urar zai tambaya, ranar ta sake matsawa. Ka zauna kawai, Yaya. Kada ka kira, kada ka aiki kowa. Wace rana aka faɗa maka a ƙarshe?"

"Tara ga watan gobe." Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Amma ɗazu a mota na sake kira. Na yi tambayar, kafin ta amsa sabis ya ɗauke."

Mansura ba ta da yadda za ta duba masa. Ainihin layin marasa lafiya ba a ba ta ikon gani ba.

Da la'asar ya koma Basirka. Nasiha ta tarye shi a zaure, ta karkato da kai don ta gan shi da idon dama, ta ce, "Baba, yaushe za mu?"

Ya ce tara ga wata, in Allah ya yarda. Wayar na cikin aljihunsa, ya dafe ta da hannu. Ko kiran da ya yanke ya shiga lissafi, ko tara ga watan tana nan, bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani sai ya tambaya.