Ruwan Zoɓo a Ɗakin Gwaji

A shekarar 1994 Malama Lois ta fara koyar da kimiyyar sinadarai a wata kwalejin horar da malamai a Jalingo. Ta tarar kwalaben ɗakin gwaji duk sun bushe, ɗalibai kuma hadda kawai suke yi. Sai ta shiga kasuwa ta sayo zoɓo da kanwa da lemon tsami. A gaban aji ta ɗiga ruwan kanwa cikin jiƙon zoɓo, ya rikiɗe ya yi kore-kore. Ta matsa lemo, jan ya dawo. Roseline, wata ɗaliba 'yar Iware da ta faɗi jarrabawa sau biyu, ta ce a hankali, "Ashe abin da littafi ke nufi ke nan."

Shekara biyu Lois tana ƙirƙiro irin waɗannan gwaje-gwaje, tana rubuta su a wani babban littafi. Masu faɗuwa suka ragu ƙwarai.

Shugaban sashen, Baba Tobiya, shi ya koyar da ita a sakandare, shi kuma ya samo mata aikin. Wata rana ya ce, "'Yata, kawo littafin nan in gyara miki, mu kai shi taron malaman kimiyya da sunanki." Ta miƙa masa da hannu biyu.

Bayan wata biyar abokin aikinta Manga ya dawo daga taron a Yola, ya ajiye mata wani ɗan littafi bugagge, ya kasa kallonta. Gwaje-gwajenta ne, ɗaya bayan ɗaya, amma sunan Tobiya kaɗai ke kan bangon.

Ta sami Tobiya a gidansa a unguwar Turaki, yana hutawa ƙarƙashin mangwaro.

"Baba, ko a shafin godiya ban ga sunana ba."

"Wa ya san ki a can? Sunana ne ya sa aka karanta. Ke yarinya ce, lokacinki na zuwa."

"Littafina fa?"

"Zan duba inda na sa shi."

Bai taɓa mayar mata ba. Aka ƙara masa girma, aka kuma umarci malaman sashen su halarci bitar "hanyar Tobiya". Lois ta zauna can baya. Da haɗin da Tobiya ke nunawa ya ƙi canja launi, sai ya ɗago ya ce, "'Yata, zo ki taimaka mini."

Ta ce, "Ban iya ba, Baba."

A ƙarshen zangon ta nemi a mayar da ita wata sakandare a unguwar Mayo Gwoi. Tobiya ne ya sa wa takardar hannu, bai tambaye ta dalili ba.