Tagulla a Ruwan Murjani

Ranar da injin tura ruwan tankina ya mutu, Umma ce ta ce a kira Kawu. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da ko da haƙori ne na haɗa bututun nan da kaina.

Shekara shida ina kiwon murjani a tankin gilas a falona, mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙasan teku. Babban cikinsu na samo shi bai wuce ɗan yatsa ba, ya yi rassa har ya kai faɗin faranti, kore shar. Mai Gida nake ce masa, don shi ya mamaye tsakiyar tankin. Murjani ba ya fita neman abinci. Ruwa ke kawo masa, ruwa ke kwashe dattinsa, in ruwan ya tsaya to kwanansa ya ƙare.

Na jona ƙaramin injin ko-ta-kwana, na zauna da biro ina lissafin ƙarfin sabon injin da zan saya. Ruwan yana sauka ne zuwa wani ƙaramin tanki a cikin kabad, ya tace, inji ya maido shi sama tsayin mita ɗaya da rabi, kuma kowace gwiwar bututu tana cin ƙarfinsa. Na zaɓi injin da ya dace, na sayo bututun roba da gam da bawul ɗin roba na rage gudun ruwa. Haɗawa kawai ta rage.

Kawu ƙanin Umma ne, shekararsa talatin yana gyaran famfo, kuma bai taɓa yarda an fi shi sanin ruwa ba. Ya ɗaga injin da yatsa biyu.

"Wannan ne injin, ko kayan wasan yara? Ina da wanda zai cika tankin saman bene kafin ki sha shayi."

"Kawu, ba cikawa ake so ba, zagayawa ake so. Kuma don Allah kar a sa ƙarfe ko ɗaya. Roba kawai."

"To, injiniya. An ji."

Na tafi kantin maganin da nake aiki. Da na dawo, aiki ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Bututu a miƙe, ko ɗigo babu, ruwa na zagayawa lafiya lau. Har waya na yi masa na gode.

Bayan kwana huɗu dodon koɗin da na sa a tankin don share gilas suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Washegari jatan lande biyu suka bi su. Na auna gishiri, na auna zafi, komai daidai. Kifaye kuwa sai yawonsu suke kamar ba a yi ba. Rana ta bakwai na tashi na ga kan rassan Mai Gida ya yi fari, naman yana saɓulewa. Na kwanta a ƙasa da kayan zuwa aiki a jikina, na cusa kai cikin kabad, na haska fitilar waya can baya inda hannu ke kaiwa amma ido ba ya kaiwa.

Bawul ne na tagulla, ƙato, bakinsa har ya fara kore. Nawa na roba kuwa na same shi a ƙasan kwali, ko ledarsa ba a yage ba.

Ruwan gishiri yana cin tagulla, tagulla kuma guba ce ga murjani. Kwana bakwai injin da na zaɓa da hannuna yana ɗura masa guba ba dare ba rana. Na kira Kawu na ce ya zo yanzu, ban ko gaishe shi ba.

Ya iso da jakar kayan aikinsa, Umma na biye da shi daga ɗakinta tana ce mini da ido in bi a hankali.

"Kawu, me na ce? Me na ce kafin in fita?"

"Ke, rage murya. Naki na roba wata shida zai tsage ya jiƙa miki falo. Wannan shekara goma yana ajiye a wurina, manyan mutane sun nema na hana. Ke na sa wa, don ke tawa ce."

"Ai kuwa an kashe mini murjani! Duba nan, duba!"

"Kawunki ne fa," in ji Umma.

Na sani. Shi ya sa abin ya fi ci na. Da bare ne, da sai maƙwabta sun fito rabo.

Kawu ya leƙa tankin, ya taɓe baki. "Murjani ne fa. Tun yaushe tagulla ke kashe dutse? Kakarki ta rataya shi a wuya da zoben tagulla a jiki har ta koma ga Allah, bai ce uffan ba. In launin ne ya koɗe, a sake masa fenti."

Fenti! Na rasa abin da zan ce wanda ba zai zama zagi ba. Sai na zuƙo abincinsu a sirinji, na tsoma hannu, na fesa wa wani ƙarami da ke lungu wanda gubar ba ta gama da shi ba. Na ce wa Kawu ya matso. A hankali 'yan hannuwansa suka buɗe, suka kama abincin, suka kai baki.

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Motsi yake."

"Ci yake, Kawu."

Sannan ya nuna Mai Gida. "Shi ma haka yake yi?"

"Haka yake yi da."

"Kin ce kar in sa ƙarfe," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ba ki ce mini rai ne a ciki ba. Na ɗauka iyayin 'yan boko ne."

Gaskiya ya faɗa. Ban gaya masa dalili ba don na riga na yanke cewa ba zai gane ba. Jin haka bai sanyaya mini zuciya ba ko kaɗan, sai ma haushin ya zama biyu, kuma na rasa inda zan sauke shi.

Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya sa zarto ya yanke bawul ɗin, ya haɗa nawa. Muka yini muna kwashe ruwa da bokiti muna haɗa sabo, shi ya ɗauka, ni na zuba, ba mai kallon wani. Ƙananan sun farfaɗo. Mai Gida bai kai ƙarshen mako ba.

Na ciro shi fari fat, na wanke, na ɗora a kan jarida bisa tebur. Da yamma sai ga Kawu, ba wanda ya kira shi, wai ya zo duba ko akwai yoyo. Ya tsaya a kan teburin, hannuwansa a baya.

"To yanzu ya ake yi da shi? Binnewa ake?"

"Ajiyewa ake," na ce. "Yanzu kam dutse ne. Ɗauka ka gani."

Ya girgiza kai. Ya ƙi taɓa shi.