Ƙwan da Aka Tsoma a Baho

Baba Maitama ne ya fara gani. Kafin manaja mai takardun makaranta, kafin Hajiya mai gidan gonar, shi ya gani da idonsa, kuma har gobe ba ya yarda a ba da labarin nan ba a fara da wannan ba.

Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta masa a bango ba zai gane ba. Amma shekara hamsin da wani abu ya yi yana bin kaji. Shekarar da murar tsuntsaye ta share akurkin mutane daga Funtua har Malumfashi, shi kaɗai aka gani a Maska da zakara yana cara. Maciji ya sare shi sau biyu a gurbin ƙwai, ya tashi. Idan ya fara lissafa abin da ya tsallake, sai shayin mai sauraro ya huce.

Shi ya sa da Hajiya Ummukulsum ta buɗe gidan ƙyanƙyasa a kan hanyar Maska, ta sa injin da ke cin dubban ƙwai yana fitar da 'yan tsakin buroila, wato kajin nama, ba ta nemi kowa ya kula da iyayen kajin ba sai shi. Shi ke ba su abinci, shi ke tsintar ƙwai, ya san kowane zakara da halinsa. Da yake ba ya rubutu, sai ya riƙa ɗiga wa ƙwai alama da gawayi: ɗigo ɗaya na ɗakin gabas, ɗigo biyu na ɗakin yamma.

Abu ya tafi daidai har damina ta sauka, sannan ƙyanƙyasa ta lalace. A zuba tire mai ƙwai ɗari da hamsin, rabi ma ba ya fitowa. Wasu ƙwayayen kan fashe cikin injin kamar an harba bindiga, wari ya cika ɗaki. Masu kiwo na Dandume da Mahuta suka fara komawa da kwalayensu babu komai.

Manajan, wani mutum mai natsuwa ana ce masa Mark, wanda ya yi karatun kiwo a Zariya, ya duba zafin injin, ya duba janareta, bai ga laifi ba. A ƙarshe ya ce zakarun Baba ne suka tsufa, suka yi nauyi, suka daina aikinsu. Hajiya ta yarda. Aka aika wa wani mai gashin kaji a Funtua ya zo ranar Litinin ya kwashe iyayen kajin duka, a kawo sababbi daga kudu tare da mai kula da su. Ba wanda ya ce wa Baba ya tafi gida, amma ya san inda maganar ta nufa.

Abin da ba su sani ba shi ne, tun mako biyu kafin nan Baba ya lura da wani abu. Wata safiya yana wucewa ta ɗakin ajiya, ya ga tiren da za a kai inji. Ƙwan da ya tsinto jiya da ɗan dishi-dishi a jikinsa, kamar an shafa masa hoda, yau yana ƙyalli. Alamar gawayinsa kuma ta goge, sai inuwarta.

Washegari ya yi sammako ya leƙa. Ga Mudi, mai jera ƙwai a tire, ya durƙusa gaban baho cike da ruwan rijiya. Mudi magidanci ne da ya yi shekara ashirin yana sayar da ƙwan zabi a bakin tashar Funtua, da shigowar damina aka ɗauke shi aiki. Abin da ya saba yi a tasha shi yake yi a nan: ya tsoma ƙwai a ruwa, wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso ya jefar. Kafin manaja ya iso ya goge su tas ya jera.

Baba ya ce masa ƙwan ci ake yi wa haka, ƙwan da za a kwanta a kai ba ya son ruwa. Mudi ya yi dariya.

"Baba, ni da hannun nan na gwada ƙwai ya fi gashin kanka yawa. Ba wanda ya taɓa dawo mini da baragurbi."

"To ai masu sayen naka tafasawa suke yi, Mudi. Ka taɓa jin wanda ya ƙyanƙyashe a tukunya?"

Mudi ya ce tsufa ne ke damunsa. Baba bai kai ƙara ba a lokacin, don ya san Mudi na da iyali, ya kuma ɗauka zai ji magana. Bai ji ba.

Ranar Litinin ɗin, motar mai gashi ta tsaya a bakin ƙofa da kejuna a baya. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin gabas, ya ce a kira masa Hajiya. Da ta zo, ya faɗa mata maganar baho daga farko har ƙarshe. Mark ya ɓata fuska, ya ce lallai ruwa ba shi da kyau ga ƙwai kuma bai san ana yi ba, amma ruwa kaɗai ba zai kashe rabin tire ba. Zakarun dai sun gaji.

Baba ya shiga inda ake zubar da ƙwan da ya ƙi fitowa, ya ɗauko ɗaya, ya fasa a kan dutse a gabansu. Kowa ya toshe hanci. Ya nuna da tsinke.

"Manaja, duba nan. Wannan ba ido ba ne? Wannan ba fiffike ba ne? Ƙwan da ba zakara a bayansa ba ya yin ido. Zakaruna sun yi nasu. Bayan sun gama ne aka kashe musu 'ya'ya."

Ya ce kaza da kanta take shafa wa ƙwanta wani abu da ke rufe shi, tun yana yaro uwarsa ta hana shi taɓa ƙwan kwanci da jiƙaƙƙen hannu. Idan ruwa ya wanke abin nan, duk ƙazantar da ke cikin baho sai ta shige ciki. Sannan ya roƙi Hajiya kwana ashirin da ɗaya. A raba ƙwan yau biyu, rabi ya bi ta bahon Mudi, rabi shi zai ɗauka da hannunsa daga gurbi zuwa inji. Idan nasa bai fi ba, shi da kansa zai kama kajin ya zuba a mota.

Hajiya ta dubi ƙwan da ke kan dutse. Ta ce, "Baba, in ka kunyata ni fa?"

"In na kunyata ki, ki sa a yi shela a kasuwar Maska."

Aka sallami mai gashi, ya tafi yana ƙunƙuni. Baba ya zana wa tirensa babban layi da gawayi, Mark da kansa ya tura tiren biyu cikin inji, gefe da gefe.

Kwanakin nan Baba bai rage baki ba ko kaɗan. A masallaci, a wurin mai shayi, ya gaya wa kowa ranar da za a zo a ga aiki. A cikinsa kuwa, shi kaɗai ya san sau nawa ya je ya tsaya yana kallon zakarun nan, yana ƙirga shekarunsu. Ɗaya daga ciki ya fara ɗingishi, sai ya ɓoye shi a bayan buhunan abinci kada manaja ya gani.

Safiyar kwana na ashirin da ɗaya, tun kafin a buɗe injin ana jin kuka daga ciki. Mark ya fara jawo na Mudi. 'Yan tsaki suna tsaye jefi-jefi cikin ƙwayayen da ba su fashe ba, ga wari. Sannan ya jawo mai layin gawayi. Ba a ganin ƙasan tiren, rawaya ce kawai tana motsi, kowane tsako ya bushe yana tattaka ɗan'uwansa.

Baba ya cire hularsa, ya ɗebo masara daga aljihu. Duk tsakon da Mark ya ɗaga, sai ya jefa ƙwaya ɗaya a hula, don bai yarda da ƙirgar biro ba. Da aka gama, aka zube masarar a ƙasa aka ƙirga: ɗari da talatin da takwas. Na Mudi sittin da tara.

Mark ya ajiye littafinsa, ya miƙa wa Baba hannu biyu, ya ce ya yi kuskure, kuma daga yau ba ƙwan da zai shiga inji sai Baba ya gani. Hajiya ta juya ga Mudi, wanda ya rakuɓe jikin bango. Kafin ta yi magana Baba ya riga ta, ya ce a bar shi, hannunsa ya iya jera ƙwai, baho ne kawai ya fi ƙarfinsa. Abu ɗaya ya nema a ba shi, bahon nan.

Yanzu idan ka bi hanyar Maska da hantsi, za ka ga motoci da babura sun yi layi ana ɗora kwalayen 'yan tsaki. A bakin ɗakin gabas kuma akwai wani tsoho zaune a kan kifaffen baho, gawayi a bayan kunnensa, gurgun zakara yana kiwo a gabansa. Duk safiya Mudi kan zo gaishe shi, shi kuma ya tambaye shi ko yana son aron kujerarsa.

Wanda ya ce labarin nan ƙari ne, Baba Maitama ya ce ya zo. Ya zo da ƙwansa, shi zai tashi ya ba shi bahon, har ruwa zai jawo masa daga rijiya. Sharaɗi ɗaya ne: ya dawo bayan kwana ashirin da ɗaya, ya tsaya a bakin injin, kuma kada ya toshe hanci.