Buhunan da Inna ta shanya

Sai da farar ƙasar ta daɗe a jiƙe cikin duro, ta yi laushi kamar man shafawa, sannan ni da matata muka kwaɓa ta da yashi, muka shafe bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Irin wannan shafen in ya bushe da wuri tsagewa yake yi, shi ya sa muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna kafin mu fita aiki.

Da muka dawo, sai ga buhunan a kan igiya, sun bushe ƙayau. Bangon kuwa ya sha rana, duk ya tsattsage.

"Wane irin sakaci ne ku bar jiƙaƙƙen kaya jikin sabon bango?" in ji Inna. "Na shanya muku."

Matata ta ciji leɓe. Na yi wa Inna bayani a hankali. Sai ta shiga bin tsagar bangon da yatsa.

Muka kankare, muka sake shafewa. Washegari da sassafe na tarar da Inna riƙe da buta, tana yayyafa wa bangon ruwa.

"Sha abinka," take ce masa. "Rannan ni na bar ka da ƙishirwa."